Ido a Kan Jirgin da Ake Harbi

A Amurka da Ostireliya akwai ƙungiyoyin mutanen da kan shafe watanni suna ƙera ƙananan jiragen ruwan yaƙi, sannan su kai su tafki su yi ta ɓarin wuta da rimot har wani ya nutse. Wasan ya samo asali a jihar Texas a ƙarshen shekarun 1970, kuma akasarin masu yinsa sun tsaya kan ma'auni guda: duk mita 144 ta jirgin gaske, mita ɗaya ce a ƙaramin. Da wannan lissafi, Yamato na Japan mai tsawon mita 263 kan dawo mita 1.8 da 'yan kai. Bindigogin suna aiki da matsattsiyar iskar kabon dayoksaid, suna tofa ƙwallayen ƙarfe masu kaurin milimita 4.5, a wasu ƙungiyoyin har fiye da milimita 6. Da gangan ake rufe gefen jirgin da siririn katakon balsa, don harsashi ya huda, ruwa ya shiga, famfon ciki ya yi ta kwarfa har ya gaza.

Mai jirgi yana tsaye a bakin gaɓa ne, sanye da tabaran kariya. Yana jin ƙarar harbi, yana hango feshin ruwa, amma bai san takamaimai inda harsashinsa ya sauka ba sai an fito an ƙirga huji. To ga shi hujin da ke ƙasan ruwa ya fi na sama maki, shi ne kuma ke nutsar da jirgi. Wannan ne babban dalilin ɗora kyamara, kuma a ganina shi ya kamata ya yanke inda za a kafa ta.

Nauyi ne farkon abin da ke taka wa mutum birki. Tsawo ana raba shi da 144 sau ɗaya, nauyi kuwa sau uku a jere, wato kusan kashi miliyan 3. Yamato mai tan 72,000 yana komawa wajen kilo 24, amma jirgin rakiya irin Fletcher na Amurka, mai mita 115, santimita 80 ne kacal, nauyinsa da ƙyar ya kai kilo ɗaya. A cikin wannan kilo ɗayan ne za a cusa batir da inji da famfo da tulun gas da bindiga. Kyamarar GoPro ta zamani tana da kimanin giram 150. A ma'aunin jirgin gaske, an ɗora masa kayan tan 450 ke nan. Babban jirgi zai ɗauka bai ji ba, ƙarami kuwa sai ya ƙara zama cikin ruwa, hujin da a dā yake sama ya koma yana shan ruwa. Shi ya sa masu ƙananan jirage suka fi karkata ga 'yan mitsitsin kyamarori irin su Mobius da RunCam, waɗanda ba su kai rabin wancan nauyi ba.

Wurin da nauyin ya zauna ma ya fi yawansa muhimmanci. Zuciya takan raya wa mutum ya kafa kyamarar a can ƙololuwar ginin jirgi, inda kyaftin ke tsayawa, saboda hoton ya fi kyau. Sai dai hakan daidai yake da fasinja ya miƙe tsaye a kwale-kwale. Da jirgin ya sha kwana sai ya kishingiɗa, ruwan da ya riga ya shiga ciki ya kwararo gefe guda, ya ƙara danne shi. Maganin shi ne a saukar da kyamarar ƙasa gwargwadon iko, a tsakiyar faɗin jirgi, a rage dalmar da aka sa a gindi daidai da abin da aka ƙara, kana a gwada a ruwa kafin ranar fafatawa. Bayan bindigar baya wuri ne mai kyau, domin daga nan ana ganin bakin bindiga da gefen abokin karawa a hoto ɗaya.

Sai kariya. Ƙwallon da ke huda balsa zai farfasa idon kyamara nan take, don haka akan sa mata garkuwar polikabonet, robar nan mai haske da ake yin tabaran kariya da ita. Roba mai ƙarau irin akirilik tsagewa take yi. Nan akwai batun adalci da bai kamata a yi masa riƙon sakainar kashi ba: dokokin wasan sun ƙayyade wuraren da dole harsashi ya iya hudawa, kuma garkuwar da ta sauko ta rufe balsa ta zama sulke. Kyamara ta tsaya a saman dandamali, kariyarta ta tsaya a kanta.

Dole kuma a ɗauka cewa jirgin zai nutse. Akwatin kyamara da aka rufe cikin zafin rana, da ya taɓa ruwan sanyi sai raɓa ta lulluɓe gilashin daga ciki. Ɗan ƙunshin silika irin wanda ake samu a kwalin sabon takalmi yana rage wannan. A ba kyamarar batirinta daban, kada injin jirgi ya riƙa jefa mata zane-zane a hoto, a kuma saita ta ta riƙa adana bidiyo gutsure-gutsure, don in wuta ta yanke farat ɗaya kada a rasa duka. A ɗaure ta da noti ko zare mai ƙarfi. Gam kaɗai ba abin dogaro ba ne a ƙasan tafki mai taɓo.

Wasu kan so su wuce nan, su riƙa tuƙi da hoton kai tsaye kamar masu jirage marasa matuƙi, ta zangon gigahaz 5.8 yayin da rimot ke kan 2.4. Ban ga ribarsa sosai a fagen fama ba. Eriyar tana dab da fuskar ruwa, inda sigina ke tarwatsewa, kuma wanda ya kafa ido a allo ba ya ganin jirgin da ke zagayo masa ta baya. Mai tsaye a gaɓa yana ganin tafkin gaba ɗaya. Ƙungiyoyi ma sun sha bamban kan abin da suke yarda da shi, sai an tambaya tukuna.

Bidiyon da aka ɗauka yakan zo da gaggawa, jirgi na rawa, igiyar ruwa na tsalle. Tun ƙarni na 19 injiniyan Ingila William Froude ya nuna yadda motsin ƙaramin samfuri ke dangantaka da na babban jirgi. A ma'aunin 144, komai yana faruwa da saurin ninki 12. Masu shirya fina-finan yaƙi irin su Tora! Tora! Tora! na 1970 sun yi aiki da wannan sani, suka ƙera manyan samfura suka ɗauke su da sauri don a haska a hankali. Mai kyamarar da ke ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa zai iya sassauta shi ninki huɗu ko biyar. A wannan saurin ne zai ga ko harsashinsa yana faɗawa ruwa kafin ya isa, ko yana wucewa ta saman dandamali, ya san ko ɗaga bakin bindiga zai yi ko sunkuyar da shi kafin zagaye na gaba.