Idan Aka Kawo wa Ƙungiya Takardar Bashin Kuɗin Fakin

Ƙungiyoyin adashen gata da yawa yanzu sun wuce ajiya da rance kawai. Wasu sun haɗa kuɗi sun sayi Keke Napep ko babur, sun ba direba yana kawo musu balas. Wasu kuma da kaka sukan ɗauki hayar a-kori-kura ta kai musu masara ko waken suya kasuwa. To, abin hawa dole ya sami wurin tsayawa da wurin kwana, kuma a gari yawancin waɗannan wurare suna da masu su: garejin kwana, harabar gidan mai, ko fili kusa da kasuwa da wani ya kewaye ya sa mai gadi. Wata rana sai ku ga mutum da takarda, ko saƙo ya shigo wayar shugaba, wai ana bin ƙungiya kuɗin fakin na wata da watanni har da tara, in ba a biya cikin kwana uku ba za a riƙe keke ko a kira 'yan sanda.

Ku fara sanin wannan: takardar neman biya ba hukuncin kotu ba ce. Magana ce ta wanda ya ce yana bin ku, ko da an buga mata hatimi, ko da da Turanci aka rubuta ta. Mai yiwuwa gaskiya ce, mai yiwuwa an ƙara gishiri, mai yiwuwa kuma ƙarya ce tsagwaronta. A kotun majistare da kotun shari'a duka, wanda ya ce yana bin bashi shi ne zai kawo hujja. Ba ku ne za ku wahala wajen nuna ba a bin ku ba.

Akwati ba ya buɗuwa a ƙofar gida

Dokar da kuka riga kuka sani ita ce babbar garkuwarku a nan. Akwati yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, kuma ba a buɗe shi sai a taro, gaban kowa. Mai karɓar bashi ya san in ya bari kuka taru kuka yi shawara, za a yi masa tambayoyi. Shi ya sa yake zuwa wa mace ɗaya, yawanci shugaba ko mai ajiye akwati, da tsakar rana tana cikin aiki, yana ɗaga murya don maƙwabta su ji. Kunya yake so ta sa ki biya. Amsarki ba ta da tsawo: "Malam, na ji. Bar mini takardar da lambar wayarka. Kuɗin ba nawa ba ne, na ƙungiya ne, muna taro ran Alhamis." Ba zagi, ba gardama.

Kada ki sa hannu, kada ki dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta miki ba. Kuma kada ki ciro dubu biyu daga ɗaurin zani ki ba shi wai don a rabu lafiya. Mata da yawa suna ganin wannan dabara ce ta kashe wuta, alhali biyan wani ɓangare ana iya kafa hujja da shi cewa kin amsa bashin gaba ɗaya.

Tambayoyin da za ku yi a taro

Wane ne ke bin kuɗin? Akwai bambanci babba tsakanin ƙaramar hukuma da mai fili. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota, don haka kuɗin tasha da na kasuwa suna da asali, kuma ma'aikacin da ke karɓarsu ya kamata ya ba da rasit mai sunan ƙaramar hukumar. In kuna shakka, sakatariya ta tafi da mace ɗaya sashen haraji na ƙaramar hukuma su nuna takardar. Shi kuwa mai gareji ɗan kasuwa ne kamar ku. Abin da yake da haƙƙi a kai shi ne abin da aka yi ciniki da shi. Idan wanda ya zo ɗan aike ne, ko kamfanin karɓar bashi, ku nemi takardar da ta nuna mai filin ne ya turo shi, ku kuma je ku ji daga bakin mai filin. An sha biyan ɗan aike, daga baya mai kuɗi ya ce bai ga ko sisi ba.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ke warware yawancin rigingimun nan: wa ya ajiye abin hawan, kuma da wa aka yi ciniki? Idan motar haya ce kuka ɗauka ta kai kaya, kun biya kuɗin mota, kuɗin da direba ya ci a wurin fakin tsakaninsa ne da mai fili, sai fa in tun farko kun ce ku za ku biya. Idan keken ƙungiya ne, ku ɗauko yarjejeniyarku da direba ku duba wa aka ɗora wa kuɗin kwana. A kira direban taro ya yi bayani da bakinsa. Sau da yawa shi ne ya daina biya, mai gareji kuma da ya ji keken na ƙungiyar mata ne mai akwati, sai ya biyo inda yake ganin akwai kuɗi.

Daga nan sai lissafi. A rubuta muku lambar abin hawa, ranar da aka fara, ranar da aka tsaya, da kuɗin kowane dare. Misali, in kwana naira 300 ne aka yi kwana 60 ba a biya ba, kuɗi ya kama naira 18,000. In takarda ta ce 45,000, ku tambayi inda 27,000 ta fito. Za a ce tara ce, ko kuɗin wahalar ɗan aike. To, an faɗa wa direba wannan tara ranar da ya fara ajiye keke? Akwai allo a bakin ƙofa da ya nuna ta? In babu, kuna da bakin cewa ba ku yarda da ita ba. Masu ƙirga kuɗi su yi lissafin da ƙarfi kowa ya ji, yadda ake yi ranar rabo.

Maganar 'yan sanda da kotu

Barazanar da ta fi tsorata mata ita ce "za a kulle ki". Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana a kama wani a madadin wani. Ba za a tsare shugaba don direba ya ɓuya ba, ba za a tsare miji don matarsa ce ma'aji ba. Ana take dokar nan, kowa ya sani, shi ya sa in an kira ɗayarku ofishin 'yan sanda kada ta tafi ita kaɗai. Ta tafi da jami'ar da ke kula da ƙungiyarku ko mai unguwa, da littafin taro a hannu. Haka kuma mai karɓar bashi ba shi da ikon shiga gida ya kwance akuya ko ya ɗauki keken ɗinki. Wannan aikin ma'aikatan kotu ne, bayan alƙali ya yanke hukunci.

Idan keken ƙungiya yana cikin garejin aka ƙi sakinsa, kada ku tura samari su fito da shi da ƙarfi, don nan take maganar bashi za ta koma maganar laifi. Ku kai gaban mai unguwa ko hakimi, ko zauren sulhu inda akwai shi. In sulhu ya ƙi, sai kotu. Wasu jihohi, ciki har da Kano, suna da kotun ƙananan basussuka inda mutum ke iya tsaya wa kansa ba lauya. Hukumar Legal Aid Council da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA suna taimakon marasa ƙarfi.

Sammaci kuwa daban yake da duk takardun da muka ambata. Shi ba a ajiye shi ƙarƙashin katifa. In ya zo da sunan kotu da lambar ƙara da ranar zama, ku je wurin rajistaran kotun ku tabbatar na gaske ne, sannan ku halarta. In ba ku je ba, alƙali na iya yanke hukunci a bayan idonku, ko da ku ne masu gaskiya.

In ta waya saƙon ya zo, da lambar asusu wai a tura kuɗi yau, kada ku tura, kuma kada ku ba kowa lambar BVN ko lambar sirri ta kati. Kada ku goge saƙon, ku adana shi. Idan kamfani ne ke ta kira yana zagi ko yana tura wa dangi saƙon ɓata suna, hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi.

In bincike ya nuna da gaske ana bin ƙungiya, ku biya, haƙƙin mutum ne. Amma ku roƙi a cire tarar, ku nemi a raba muku biyan, kuma taro ne zai yanke daga ina kuɗin zai fito. Ya fi dacewa ya fito daga balas ɗin keke, a bar asusun taimako don rashin lafiya da rasuwa. Mata biyu su kai kuɗin hannun mai fili gaban shaida, a karɓi rasit da ya nuna nawa aka biya da nawa ya rage, in an gama kuma a rubuta an gama. Sakatariya ta manna rasit ɗin a littafin taro. A wannan zaman ne za a sake yarjejeniya da direba: a rubuta garejin da keke zai riƙa kwana, nawa ne kuɗin dare, wa zai biya, kuma duk ranar da ya kawo balas ya haɗo da rasit ɗin gareji na wannan mako.