Sake Rubuta JAMB Don Neman Gurbin Likitanci: Yaushe Ake Yanke Shawara?

Duk shekara idan hukumar JAMB ta saki sakamako, akwai gidajen da ake rasa abin yi, murna ko jaje. Yaro ya ci 250 ko 260 cikin 400. A kwasa-kwasai da dama wannan maki ne na fita kunya, amma shi likitanci ya cike, kuma a can 260 tana iya shigar da mutum, tana iya barinsa a bakin ƙofa. Sai a shiga zaman jira. A jira jarabawar tantancewa ta jami'a, a jira jerin sunaye na farko, a jira na biyu, a jira wani kawu da ya ce ya san wani a ofishin rajistara. Kafin a farga an buɗe rajistar shekara mai zuwa, har an rufe, yaro bai samu gurbin bana ba, bai kuma sayi fom ɗin baɗi ba. Shekara ɗaya da ya kamata ya rasa ta zama biyu.

Tushen wannan asara abu ɗaya ne da iyaye da yawa ba su riƙe ba: sakamakon UTME, wato jarabawar JAMB, na zangon karatu ɗaya ne kacal. Makin da aka ci bana ba ya tsallakawa zuwa baɗi, komai yawansa. A Amurka, inda ake rubuta jarabawar MCAT kafin shiga makarantar likitanci, makarantu suna karɓar sakamakon da ya kai shekara biyu ko uku, ana kuma shirya jarabawar sau da yawa a shekara, har mutum yana da damar zama sau uku a shekara guda. Damuwar ɗalibi a can ita ce ko ya tura takardunsa da wuri da makin da ke hannu, ko ya dakata sai sabon maki ya fito, alhali makarantu suna cike gurabe tun daga masu fara turowa. Mu a nan ba mu da wannan zaɓin. Zama ɗaya ne a shekara, na sa'a biyu, tambayoyi 180: sittin na Turanci, arba'in-arba'in na Bayoloji, Kimistiri da Fiziks. Wanda ya faɗi ranar, sai wata shekara.

A dubi yadda kalandar take. A 2025 an yi rajista daga farkon Fabrairu zuwa farkon Maris, aka yi jarabawa daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. WAEC takan saki sakamakonta wajen Agusta, NECO ta biyo baya. Daga nan jami'o'i suke tantancewa, kowace da nata lokaci, kuma tun bayan annobar korona da yajin aikin ASUU na 2020 da na wata takwas a 2022, kalandar jami'o'in gwamnati da dama ta goce daga ta JAMB. Don haka ba abin mamaki ba ne a buɗe sabuwar rajista alhali wata jami'ar ba ta gama fitar da sunayen bara ba. A nan ne ake jin irin wannan magana a gida:

"Abba, an ce saura mako biyu a rufe rajistar JAMB."

"Ki bari mu ga abin da zai fito tukuna. Ai an ce sunanki yana nan."

Uban ba mugunta ya yi ba. Yana ganin sayen sabon fom kamar yanke ƙauna ne, ga kuma kuɗin da ake lissafawa. Amma kuɗin rajista 'yan dubbai ne, shekarar ɗan Adam kuwa ba ta da farashi. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: duk mai neman likitanci da Janairu ta same shi bai ga gurbinsa a manhajar CAPS ba, ya sayi fom ya ci gaba da karatu kamar bai taɓa rubutawa ba. In gurbin ya fito daga baya, alhamdulillahi, an yi asarar kuɗin fom. In bai fito ba, yana cikin sahu.

Na ambaci CAPS ne saboda ita ce alƙali. Tun 2017 JAMB ta mayar da bayar da gurbi ta wannan manhaja, kuma duk gurbin da bai bi ta cikinta ba, a wurin hukumar ba gurbi ba ne. "An ce sunanka yana nan" ba ya cikin lissafi. Abin da ɗalibi ya gani da idonsa a shafinsa, shi ne gaskiya. Idan kuma an ba shi gurbi, ba a barinsa ya yi ta nazari har abada. Akwai wa'adin 'yan makonni na karɓa ko ƙi.

Me ya sa ƙofar ta yi ƙunci haka? Jami'a ba ta da ikon ɗiban ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta da kayan aiki. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗaga jimillar adadin daga 5,000 zuwa 10,000 a ƙasa baki ɗaya, amma masu nema sun ninka haka sau da yawa. Sannan a jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka ayyana a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Shi ya sa mutum biyu masu maki ɗaya, ɗaya ya shiga, ɗaya ya tsaya. Shi ya sa kuma makin 150 da aka amince da shi a 2025 a matsayin mafi ƙarancin shiga jami'a ba shi da wata alaƙa da mai neman likitanci. A sakamakon farko na wannan shekarar, cikin mutum fiye da miliyan 1.9, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa kimanin 12,000 ne. Tsakanin masu manyan maki ake fafatawar.

To, kafin a ce "zan sake", sai a tambayi abin da ya kayar da mutum. Ba kullum makin JAMB ne ba, kuma wanda bai gano inda ya yi tuntuɓe ba, a wurin zai sake faɗuwa.

Wani takardar sakandare ce ta riƙe shi. Likitanci yana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama ba sa karɓa sai a zama ɗaya aka samo su. Ɗalibin da ya haɗa WAEC da NECO ya cike biyar ɗin, ko ya ci 320 a JAMB, irin waɗannan jami'o'in za su ajiye shi gefe. Wannan gyaransa yana da nasa lokaci, kuma yana riga rajistar JAMB zuwa: WAEC da NECO duk suna da jarabawar masu zaman kansu a ƙarshen shekara, WAEC kuma tana da wata a farkon shekara. Wanda ya gane matsalarsa a Satumba yana iya gyara ta kafin ya zauna UTME. Wanda bai gane ba sai Afrilu, ya makara. Akwai kuma jami'o'in da suke saka darajar sakamakon sakandare cikin lissafi. Jami'ar Legas, alal misali, tana ba makin UTME kashi 50, jarabawar tantancewa 30, sakamakon sakandare 20, ta yadda mai tarin C6 yana shiga gasar da rauni tun kafin a fara. Wani kuma abin takaici ne ma ya same shi: ya yi rajista yana jiran sakamako, sakamakon ya fito da kyau, amma bai koma cibiyar rajista an ɗora shi a shafinsa na JAMB ba. Manhajar CAPS ba ta duba wanda ba shi da sakamakon sakandare a shafinsa.

Wani kuwa zaɓin makaranta ne. Kowa yana son ABU Zariya, ko Bayero da asibitin Malam Aminu Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Maiduguri. Manyan jami'o'i a aikace ba sa waiwayar wanda bai sa su zaɓin farko ba, saboda masu zaɓin farkon ma sun yi musu yawa. Amma yau akwai makarantun likitanci a Dutse, Bauchi, Gombe, Kaduna, Damaturu, ga jami'ar kimiyyar lafiya ta tarayya da ke Azare. JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas bayan fitar sakamako. Sau da yawa mai 265 ba sake jarabawa yake buƙata ba. Ya duba inda makinsa da jiharsa suka fi ba shi dama, ya canza tun ba a rufe tantancewa ba. A tabbatar kawai cewa makarantar tana da amincewar hukumar jami'o'i ta NUC da MDCN, don kada a yi shekaru a tashi a tutar babu.

Sai babbar tambaya, wadda ta fi raba kan iyali: an ba yaro wani kwas, Bayokimistiri ko Maikurobayoloji ko ilimin sassan jiki. Ya karɓa ko ya zauna ya sake? Nan take za a ji mai cewa, "Ka shiga kawai, in ka yi ƙoƙari a aji ɗaya sai ka canza." A yi hattara da wannan magana. Tunda adadin ɗaliban likitanci ƙayyadadde ne, canjin kwas daga ciki abu ne mai wuyar samu, wasu jami'o'in ma ba sa yinsa sam. Kada a gina shekara huɗu a kan jita-jita. A je tsangayar a tambayi ƙa'idarsu. Wanda ya karɓi kwas yana da niyyar sake JAMB kuma ya san cewa doki biyu zai hau. Watannin shirin UTME sukan faɗo a tsakiyar lakca da gwaje-gwajen aji ɗaya, kuma na ga waɗanda suka fito da ƙaramin maki a can, suka lalata sakamakonsu a nan. Mai iyawa ya yi, amma ya faɗi gaskiyar matsayinsa na ɗalibi a wajen rajista, domin ba a riƙe gurbi biyu a lokaci guda.

Akwai wata ƙofar da ba a cika tunawa da ita ba sai an gaji, wato shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Ana bin ta da sakamakon IJMB, wadda ABU ke gudanarwa, ko JUPEB, ko kuma da digiri na farko mai kyakkyawan sakamako a fannin kimiyya da ya dace. Shirin IJMB kimanin shekara guda ne, don haka wanda ya yi shi ya kuma samu gurbi bai yi asarar shekara ba, ya riski abokansa a aji biyu. Sai dai guraben wannan hanya sun fi na UTME ƙaranci, makin da ake nema kuma yana da yawa ƙwarai. Amfaninta ga mai jiran shekara shi ne tana ajiye shi a cikin aji, gaban malamin Kimistiri da Fiziks, maimakon zaman ɗaki da waya. Masu hali kan duba ƙasashen waje, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, wanda ya dawo da ɗimbin ɗalibanmu gida karatu bai ƙare ba, ya nuna ita ma wannan hanyar tana da nata haɗari, ban da jarabawar MDCN da ke jiran duk wanda ya yi karatun a waje.

Idan an yanke za a sake, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Oktoba zuwa Afrilu wata bakwai ne, kuma sun isa su ɗaga maki in an yi aiki da su. Sakamakon JAMB yana nuna makin kowane darasi daban. A dube shi. Wanda ya ci 75 a Bayoloji da 48 a Fiziks ya san inda zai zauna, ko da Bayolojin ne yake masa daɗin karantawa. A riƙa gwaji a kan kwamfuta da agogo a gefe, domin tambayoyi 180 cikin minti 120 na nufin daƙiƙa arba'in ga kowace tambaya, kuma da yawa daga yaranmu lokaci ne ke cinye su, ba rashin sani ba. A duba littafin da aka sanya na Turanci, tunda yana canzawa: masu sakewa a 2025 sun tarar an sauya The Life Changer da The Lekki Headmaster. A kuma adana layin wayar da aka yi rajista da shi, da lambar NIN wadda ta zama dole tun 2021, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun yi daidai da na takardar sakandare. Gyaran harafi ɗaya a suna yana iya cin makonni.

Sau nawa ya kamata a sake? Yaron da ya gama sakandare yana da shekara 16 ko 17, in ya rasa shekara ɗaya, zai kammala karatun shekara shida yana ɗan 24 ko ƙasa, ya yi shekarar horo a asibiti, ya tafi hidimar ƙasa da sauran tazara mai yawa kafin iyakar shekara 30. Shekara ɗaya ba komai ba ce a aikin da za a yi tsawon rai. Ga 'ya mace lissafin yakan fi tsanani, domin shekarar zaman gida ita ce shekarar da 'yan uwa ke fara kawo wata maganar, alhali asibitocinmu na Arewa suna kukan ƙarancin likitoci mata. Iyayen da suka amince ta sake, su tsare mata shekarar. Amma in an zauna sau biyu da shiri na gaske maki bai motsa ba, a ganina zama na uku ta hanya ɗaya ɓata lokaci ne. A koma hanyar shiga kai tsaye, ko a dubi harhaɗa magunguna, jinya, aikin ɗakin gwaje-gwaje da sauran fannonin da asibiti ba ya tafiya sai da su.

Iyaye da yayye, ku zauna da yaranku tun watan Disamba, ku buɗe shafin CAPS tare, ku ɗora takardar sakandare kusa da ƙa'idar jami'ar da ake nema. In babu gurbi a rubuce, ku tanadi kuɗin fom kafin JAMB ta buɗe rajista.