AMSOSHIN WASIƘUNKU: Abin Da Ke Kayar Da Ɗaki Da Damina

Ga amsoshin da muka karanta muku a filinmu na wannan mako, mun buga su a nan domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare. Wasiƙu 3 muka zaɓo, daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma dukkansu kukan gini suke yi. Ba abin mamaki ba ne, domin kudancin Jihar Katsina ya fi arewacinta samun ruwa, ga shi rashin tsaro ya sa gidaje da yawa sun yi shekaru ba mai yi musu yaɓe.

Wasiƙa ta farko daga wani manomi ce a ƙasar Faskari. Ya ce gindin katangarsa yana zaizayewa, ya shafe ta da siminti har sau 2, amma duk shekara sai shafen ya ɓanɓare.

To Malam, ba simintin ne ya cuce ka ba, ruwa ne. Ruwa yana cin katangar ƙasa ta hanya biyu. Akwai wanda ke zubowa daga indararo ko bakin kwano, ya daki ƙasa ya fantsamo wa bango. Akwai kuma laimar da bango ke tsotsa daga ƙasa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Idan ka lulluɓe bangon da siminti, laimar ba ta da hanyar fita. Sai ƙasar da ke bayan shafen ta jiƙe ta saki, simintin kuma ya faɗo falle guda.

Ga abin yi. Ka jira rani. Ka kankare duk ƙasar da ta ruɓe har ka tarar da mai ƙarfi. Ka kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa, ka bar ta ta kwana biyu tana tsima, sannan ka cike ramin kaɗan-kaɗan, kana barin kowane shafi ya sha iska kafin ka ɗora wani. Daga nan ka yi wa gindin katangar dakali mai gangara zuwa waje, tudunsa kamar ƙafa 1, da duwatsu ko bulo. A nan ne siminti zai yi maka amfani. Inda ruwan indararo ke sauka ka jera duwatsu, ka kuma fitar wa ruwan hanya ya bar gidan. Yaɓen sama kuwa, kada ka raina makubar da kakanninmu ke jiƙawa daga ɓawon ɗorawa, tana sa ruwa ya zame daga jikin bango. Dubi hasumiyar Gobarau a birnin Katsina, da ƙasa aka gina ta, ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, domin ba a daina gyaranta ba.

Wasiƙa ta biyu wata baiwar Allah ce ta aiko daga Sabuwa. Ta ce soronsu yana yoyo, maigida yakan ƙara ƙasa a kai duk shekara, yanzu azara ta fara lanƙwasa. Tana tambaya ko su ƙara ƙasar ne, ko su sa kwano.

Malama, don Allah ki gaya wa maigida ya tsaya haka. Ƙasar da ake ƙarawa nauyi ce, in ta sha ruwan Agusta kuma nauyin sai ya ƙaru. Magina sun san azara ba ta son ta wuce kamar ƙafa 6 ba tare da abin da ya tallafe ta ba. Gyaran soro shi ne a kankare tsohuwar ƙasar da ta mutu, a sa sabuwa daidai wadda aka cire, a daɓe ta da gangara zuwa bakin indararo, a kuma share ciyawa da ganyen da suka toshe shi. A sa wuƙa a soki bakin kowace azara inda ta shiga bango. Idan wuƙar ta nutse, gara ko laima ta gama da ita, sai a canza.

Idan kun sami halin kwano, ku kula da abu 3. Na ɗaya, a ɗaure katako da langalanga ko waya mai kauri da aka binne cikin bango, ƙasa da saman ginin da kamar ƙafa 2, saboda iskar farkon damina. Ɗora duwatsu a kan kwano ba ɗauri ba ne. Na biyu, bakin kwano ya zarce bango da ƙafa 2, don ruwa ya sauka nesa. Na uku, a buga ƙusa a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Katakon kuma a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora.

Amma kafin duk wannan, ga maganar da ta fi kuɗi. In kuka ga ƙasa tana zubowa daga rufi, ko azara tana ƙara, ko ƙofa ta soma cijewa ba dalili, ko bango ya karkata, kada kowa ya sake kwana a ɗakin, musamman yara da tsofaffi. Sau da yawa ɗaki kan faɗi ne cikin dare, bayan ruwa ya kwana biyu yana zuba. Wanda kuma ya dawo gidan da ya daɗe a rufe, ya duba waɗannan alamu tukuna kafin ya shimfiɗa tabarma.

Wasiƙa ta uku daga wani ɗan kasuwar hatsi ce a Ƙanƙara. Ya gina shago da bulo, shekara ba ta zagayo ba bango ya tsage. Yana tambaya ko laifin magini ne.

Alhaji, tun ran gini tun ran zane. Buhun siminti kilo 50 ne. Idan bulo mai inci 9 ake bugawa, kada ya wuce 30 a buhu ɗaya. Mai neman riba yakan miƙa shi ya wuce haka, bulon ya yi arha, amma yashi ka saya. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirjinka ka sake shi ya faɗi. Mai kyau zai tsaya ko ya rabu biyu, marar kyau zai watse. Yashin ya zama na rafi mai tsabta. Ka damƙa jiƙaƙƙe a hannunka, in ya bar maka laka a tafi, bai yi ba. Bayan an buga, a ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, domin siminti da ruwa yake yin ƙarfi, ba da rana ba, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa.

Wani lokaci kuma laifin ƙasa ne. Baƙar laka irin ta fadama tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, ginin da ke kanta ya riƙa motsi. A irin wannan wuri a haƙa tushe har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Saman ƙofa da taga a zuba linta mai rodi.

Game da tsagar da ke shagonka, kada ka yi gaggawar cike ta. Ka manna ɗan siminti a gicciye a kanta, ka rubuta ranar. In wata 2 ya wuce bai tsage ba, ginin ya zauna, sai ka cike ka shafe. In ya tsage, ko ka ga yatsa yana shiga, tushen ne ke motsi. Ka nemo ƙwararren magini ko injiniya ya duba kafin ka tara buhunan masara a ciki.

Jama'a, lokacin gyaran gida shi ne daga kaka zuwa watan Afrilu, sa'ad da amfanin gona ke hannu, ƙasa kuma ke bushewa. Mai sauran tambaya ya rubuto mana, ya faɗi garinsa da irin ƙasar wurin, don amsar ta dace da shi. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.