BA SAMMU BA NE, GWAGGO

Ranar sunan ƙanwata a Gwiwa na ji mata suna ƙus-ƙus kan wata baiwar Allah da jini ya dawo mata bayan ta daina al'ada. Gwaggona ta tafa hannu ta ce, "Wallahi aikin kishiya ne." Shekara guda ana jiƙe-jiƙe da hayaƙi, ko da aka kai ta asibiti Kano sai likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta yi nisa.

'Yar'uwa, ƙwayar cutar HPV ce ke jawo wannan ciwo. Ta kwanciya ake ɗaukarta, har a gidan aure na mutunci, don haka kada a zargi kowa. Yawancin mata jikinsu kan kore ta cikin shekara ɗaya ko biyu. Wadda ta maƙale ita ce matsala. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano nau'i na 16 a 1983 da na 18 a 1984, kuma su biyun ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari na ciwon.

A kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai mai gadi, furotin p53. In ƙwayar halitta ta lalace, shi zai tsayar da ita ko ya kashe ta. To, HPV tana ƙera nata furotin, E6. Shi kaɗai ba ya iya riƙe mai gadin, sai ya fara lallaɓar E6AP, ɗan gida mai sa wa shara alama. Da sun manne sai siffar E6 ta daidaita, gurbi ya samu daidai p53, a cafke shi a tura bola. Kamar dai amaryar da ta saye 'yar aikin gida don ta fitar da uwargida! Masana a Faransa sun fitar da hoton wannan haɗuwa ta su uku a 2016. Abokin makircinsa E7 kuwa shi ke tsinke linzamin pRb, ƙwayoyin su yi ta hayayyafa. Abin kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 yana ci a ɓoye.

A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi kyauta, Jigawa na cikin jihohin farko. Ɓawon ƙwayar kawai aka kwaikwaya, babu E6 ko E7 a ciki, kuma ba ya hana haihuwa.

Na ce, "Gwaggo, jikarki fa ta cika goma." Ta harare ni, ta ce sai Malam ya dawo daga kasuwa tukuna.