Kwanar Gafan: Kasuwar Da Ake Tsere Da Rana

Daga watan Janairu zuwa Afrilu, duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya zai ga Kwanar Gafan, a ƙaramar hukumar Garun Malam, ta yi ja wur da tumatir. Ruwan madatsar Tiga da ke ratsa gonakin Kadawa da Kura shi ya raya noman rani a yankin, shi kuma ya haifi kasuwar. Tun da hantsi manoma ke shigo da kwanduna a babura da a-kori-kura, 'yan dako na saukewa suna jerawa. Dillali ya buɗe kwando, ya tura hannu can ƙasa ya zaro ɗaya ya matsa, don na sama ba ya faɗin gaskiyar na ƙasa. Gefe guda tireloli na jiran lodi, za su kama hanyar kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000.

Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin ɗari na tumatir ɗin da ake nomawa a Najeriya yana lalacewa kafin ya shiga tukunya. Ana ɗora laifin kan zafi, da kwandon da ke huda kaya, da lalacewar hanya, kuma duk gaskiya ne. Amma a ganina asarar tun daga gona take farawa, sa'ad da manomi ya tsinke kayansa bai san mai saye ba, bai san kwando nawa suka riga nasa shiga kasuwa ba. Tumatir ɗin da ke jikin uwarsa yana iya jiran kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya shiga kwando kuwa ba ya jiran kowa. Ranar da kaya ya yi yawa, manomi ba shi da bakin cewa "albarka", don in ya yi kwantai sai dai a yanka a shanya kauɗa, ko a zubar. A nan wayar hannu ke da aiki. Hoton gona ta WhatsApp, da saƙon murya daga Mile 12 kan yadda kasuwa ta tashi, sun isa a ƙulla ciniki kafin a kira masu tsinka. Haka batun biya yake. A farkon 2023, sauya fasalin naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi daidai kakar tumatir, kuma 'yan gwari na cikin waɗanda suka fi jin jiki, domin mai hatsi yana iya ɗaure buhunsa ya jira, su kuwa ba hali. Manomin da ke karɓar tiransifa ya tsira daga wannan tarko.

Wani zai ce waya ba ta sanyaya tumatir, ba ta cike ramin titi. Haka ne. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa, kuma babu manhajar da za ta maye gurbinta. Sai dai ɗakin sanyi ma yana buƙatar lissafi. Kamfanin ColdHubs, wanda Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa a 2015, yana ajiye kayan gwari cikin kwandunan roba a ɗakuna masu aiki da hasken rana, ya ce abin da ke lalacewa cikin kwana 2 yana kaiwa 21. Manhajar Coldtivate, da aka yi domin irin waɗannan ɗakuna, tana nuna kwanakin da suka rage wa kowane kwando, a san wanda za a fara fitarwa.

Masu tsoron za a kori dillali ma suna da hujja, domin sau da yawa shi ke ranta wa manomi kuɗin taki, shi ke tsaya wa baƙo. Tsarin da ya tsallake shi ba zai yi ƙarko ba, don haka a hannunsa ya kamata a fara sa wayar. Shugabannin kasuwar Kwanar Gafan su riƙa fitar da farashi da yawan motocin da ke lodi kullum da asuba, cikin saƙon murya da Hausa, kamfanonin sadarwa kuma su ƙarfafa sabis har cikin gonakin Kadawa.