Yadda kaifin kusurwa ke karya injin ban-ruwa a yankin Bakalori

Duk wanda ya taɓa noman rani a Dosara, kusa da madatsar ruwa ta Bakalori, ya san tashin hankalin da ke biyo bayan tsayawar injin ban-ruwa a watan Maris. Kwana biyu babu ruwa, shuka ta fara yaushi. Idan makaniki ya kwance injin ya tarar sandar ƙarfen da ke juya fanka ta karye, galibi ba a tsakiya take karyewa ba. Tana karyewa ne a inda kaurinta ya ragu, wurin da mai sassaƙa ƙarfen ya bar kusurwa mai kaifi.

Dalili kuwa shi ne nauyin da ƙarfe ke ɗauka yana taruwa a irin wannan kusurwa, kamar yadda ruwa ke cin gaɓa a inda magudana ta lanƙwashe. A nan ƙaramar tsaga ke farawa, tana ƙaruwa da kowane juyi.

Manhajojin zanen injiniya irin su AutoCAD da SolidWorks da FreeCAD, wadda ake samu kyauta, suna da umarni biyu na magance wannan tun a kwamfuta. Fillet yana mulmula kusurwa ta zama kamar baka. Chamfer kuma yana sare ta a karkace, yawanci digiri 45. Masu walda a Talata Mafara da Bakura sun san na biyun, ko da ba su taɓa kwamfuta ba, domin shi suke yi idan suka fere bakin ƙarfe mai kauri da giranda don waldar ta shiga ciki sosai.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A 1954 jiragen saman Comet guda biyu na Birtaniya suka tarwatse a sararin sama kusa da Italiya, ɗaya a Janairu, ɗaya a Afrilu. Bincike ya nuna gajiyar ƙarfe ce, kuma tsagar ta faro daga kusa da kusurwar wata taga.

Sai dai mulmula kusurwa ba abin yi ba ne ido rufe. Idan aka cika girman bakan a inda boris zai zauna, boris ɗin ba zai zauna daidai ba, an gyara wata matsala an haifar da wata. Haka kuma idan bakan ya fi faɗin fuskar da ke gefensa, manhajar kan ƙi aikin. Shi ya sa ƙwararru ke barin wannan mataki sai sun kammala siffar abin.

A ganina, giɓin yana tsakanin mai zane da mai sassaƙa. Matashin da ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara zai iya zana baka mai milimita 2, amma idan bai rubuta awon a takardar da zai miƙa ba, mai injin zai sassaƙa kusurwa tsaye, domin ita ce ta fi sauri, manomi kuma yana tsaye a bakin shago yana jiran kayansa.