Yadda Za a Kare Kyanwa Daga Sanyin Hunturu a Garu

Garu tana cikin gundumar Malanville, jihar Alibori, a arewacin Jamhuriyar Benin, kusa da Kogin Kwara. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan sauko daga Sahara, sanyin asuba ya yi tsanani. Kyanwar da ke tsare buhunan shinkafa daga ɓeraye ita ma tana jin jiki, ko da yake mutane kan ɗauka gashinta ya ishe ta.

Zafin jikin kyanwa yana tsakanin digiri 38 da 39, ya ɗara na mutum. Shi ya sa take neman ɗumi ko ta halin ƙaƙa: ta kwanta cikin tokar murhu, ko ta shige injin motar da aka kashe. Haɗarin ke nan. Garwashi kan ɓuya ƙarƙashin toka ya ƙona ta. Direba kuwa ya riƙa bubbuga gaban mota kafin ya tayar da safe, don kyanwar ta fito.

Maganin ba ya cin kuɗi. A samu kwali, a shimfiɗa tsohon zane a ciki, a ɗora shi kan benci a ɗakin da iska ba ta kaɗawa. Jariran kyanwa sun fi buƙata, domin a makonninsu na farko ba sa iya ɗumama jikinsu, sai sun jingina da uwa. A ƙara wa kyanwa abinci, kamar kifi marar ƙaya, kada kuma ruwan sha ya yanke.

Idan ta kama mura, a nemi likitan dabbobi. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.